Baba Direba da Hanyar da Ba Mota

Babanmu direban bas ne. Ban ce tsohon direba ba, don in ya ji wannan kalmar a bakina sai mun wuni muna shari'a. Kamfani ya sallame shi da agogon bango da tafi raf-raf, amma shi a ransa hutu kawai aka ba shi, ko yau ko gobe za a aiko a ce motar ta ƙi tashi a hannun kowa.

Ba a aiko ba. Sai ya mayar da gidanmu tasha.

Wayyo Mama! Matar da ta saba da gidanta shiru, miji ya fita da sassafe ya dawo a gajiye, sai ga shi yanzu a tsaye a ƙofar kicin yana ba tukwane hannu. "Wannan babbar ta tare hanya, matsar da ita gefe ƙaramar ta wuce." In ta ɗauko tire daga kicin zuwa falo, yana bayanta yana cewa ta rage gudu akwai kwana. Har kujerarsa ba ya zama a kai kamar kowa, sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ja da baya a hankali, sannan ya sauke jiki ya ce, "Alhamdulillahi, mun iso."

Ni ce babbar 'yarsu, gidana ba nisa, saboda haka ni ake kawo wa ƙara. Rannan Mama ta kira ni ta ce, "Ki zo ki ɗauke ubanki, ko ni in tattara in dawo wajenki." Na san halinta, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Likita ne ya cece mu. Ya auna jinin Baba, ya kalli tumbin da sitiyari ya rena shekara da shekaru, ya ce ko dai ya riƙa motsa jiki ko ya saba da gadon asibiti. Ya ce akwai hanyar tsakuwa a bayan gari da ta bi gefen kogi ta ratsa gonaki har cikin kwari, an kafa turakun ƙarfe a bakinta don kada mota ta shiga, masu keke da masu tafiyar ƙasa kaɗai ke binta.

"Hanya ba mota?" in ji Baba. "To wa ta yi wa laifi?"

Duk da haka muka haɗu da ƙannena muka saya masa keke mai faɗin taya. Kafin sati ya zagayo, keken nan ba mai gane shi. Ya ɗaura masa madubin bas guda biyu, kowanne ya kai faranti. Ya cire ƙararrawar ya ce ta yara ce, ya sa hon na roba irin mai kukan agwagwa. Kullum da safe sai ya zagaya keken yana dukan taya da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashinsa, ban san me yake nema a can ba.

Na taɓa bin sa sau ɗaya da keken maigidana, kuma wallahi na sha kunya. Hanya fetal, ba kowa sai tsuntsaye da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, amma Baba ba ya karya kwana sai ya miƙa hannu ya ba da sigina. Wa yake ba wa? Iska. Shanu suka fito daga gona za su sha ruwa, ya tsaya yana musu faɗa a kan tsallaka titi ba a duba ba. Wasu samari masu matsattsun kaya da hular kwano suka wuce mu fiu kamar an harbo su, ya bi su da hon yana ihu, "A kwana ake wuce mutum? Wa ya ba ku lasin?"

Na ce, "Baba, dubi kogin mana. Dubi yadda ruwa ya kwanta, ga masu wanki can, ga itatuwa."

Ko waigawa bai yi ba. Ya ce, "Uwata, direba ba ya kallon gefe." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma in ya kira ni haka to magana ta ƙare.

Daga nan ya fara lodi. Ba ya iya wuce mai tafiya a ƙasa, zuciyarsa ba ta ba shi. Sai ya ci birki ya ce, "Ina zuwa? Akwai wuri." Ya ɗauki manomi da fartanyarsa. Ya ɗauki wata tsohuwa da kwandon kayan miya, ita a kan kariyar bayan keken, kwandon a kanta. Ya taɓa ɗaukar wani mutum da ɗan akuya a rungume, ɗan akuyar ya cinye masa gefen riga kafin su isa gada. Kyauta yake yi, shi dai a hau a sauka a ce masa, "Sannu Direba." Tumbi ya faɗa, jini ya sauka, Mama ta samu gidanta. Muka ce shi ke nan, an huta.

Ashe ba a huta ba. Wata rana da yamma ya zo gidana, ya zauna ba tare da ya duba hagu da dama ba. A nan na san da magana.

"Uwata, na ɗauki duniya a mota. Na ɗauki amare, na ɗauki marasa lafiya, na ɗauki ɓarayi ban sani ba. Yanzu har akuya na ɗauka. Mutum ɗaya ce ta gagare ni."

Kowa a danginmu ya san labarin. Suna sababbin aure ya ɗauke ta a bas ɗinsa zai kai ta ganin iyayenta. A tsakiyar tafiya aka tsaya a wata tasha kowa ya sauka ya miƙe ƙafa. Da za a tashi, kwandasta ya duba masu tikiti ya ce sun cika. Matar direba kuwa ba ta da tikiti. Baba ya ja mota, yana ta murna yau zai isa da wuri. Bai farga ba sai da ya ga surukansa a tasha suna leƙa tagogi suna tambaya, "Ina take?" Mama a bayan motar albasa ta iso, idonta jajir, ita ma ba ta san na kuka ne ko na albasa ba. Tun ranar ta ce ba ta ƙara hawa abin da yake tuƙawa, kuma ba ta ƙara ba. Ko bikin ƙannena, shi ya ja motar dangi, ita ta hau tasi.

"Da ƙuruciya abin dariya na ɗauke shi," in ji Baba. "Yanzu ya daina ba ni dariya. Ina so in kai ta wani wuri, ko sau ɗaya, in dawo da ita da hannuna. Kar in mutu a matsayin wanda ya manta da ita."

Tausayinsa ya kama ni.

Ya fara zawarcin fasinja. Ya ciro matashin kujerar falo ya ɗaure a kan kariya, Mama ta kwance abinta ta ce wanda ya ƙara taɓa mata kujera zai gani. Ya aiko ni, ta ce in koma gidan mijina in sami aikin yi. Ya aiko ƙanwarta, suka ɓuge da hira suna ta ƙyaƙyata labarin motar albasa. Ya ce mata a keke ai ba yadda za a yi ya manta da ita, zai ji nauyi ya ragu. Ta ce, "Au, nauyi ne da ni kuma?" Ya ƙara ɓata lamarin.

Sai ya daina roƙo. Ya jingine keken a bango, ƙura ta hau madubin. Ba ya shiga kicin, ba ya ba tukwane hannu, yana zaune yana kallon agogon kamfani. Da muka koma asibiti jinin ya sake hawa. Raina ya ɓaci, na je na sami Mama tana ninke kaya na ce, "Haba Mama! Abin da ya faru tun ban zo duniya ba? Mutumin nan fa narkewa yake."

Ta gama ninkinta tsaf, ta fita tsakar gida ta tsaya a kansa.

"Direba, fito da keken."

Ya miƙe har yana tuntuɓe da takalminsa.

"Kai ba ka tuƙa ni, wannan ta wuce. In kana son mu je, kai ne a baya."

Ya yi dariya, ya ce keke fa ba keken ɗinki ba ne. Washegari da safe muka tura keken har bakin turakun, ni ma da na maigidana, da ƙwayoyin maganin Baba a jaka. Mama ta sauke sirdi daidai tsayinta, ta lanƙwasa madubin nan biyu suka kalli ƙasa, ta tattare zane ta hau, ta yi wani zagaye a kan tsakuwar nan ko girgiza babu, ta dawo ta ci birki a gaban ƙafarsa.

"Akwai wuri," ta ce.

Bakin Baba a buɗe ya hau kariya. Farkon tafiyar ba daɗi. "Rami! Rami a dama! Ba ki ba da hannu ba! Rage, rage, gangara ce!" Ta ce in ya ƙara magana za ta sauke shi ya jira motar albasa. Da muka zo hawa ta tsaya ta ce fasinja ya sauka ya tura. Ya sauka ya tura, yana haki, ni kuwa dariya ta hana ni taka feda. Samarin nan masu hular kwano suka wuce suka ɗaga hannu, "Sannu Direba!" Mama ce ta amsa.

Da muka gangara cikin kwarin sai na ji shiru. Na matso kusa in ga ko lafiya. Ba shi da abin riƙewa sai ita, ba shi da abin dubawa a gaba sai bayanta, don haka ya juya kai gefe. Yana kallon ruwa, da wani mai kamun kifi a tsaye har gwiwa, da gonakin da suka hau tudu.

"Dama haka wurin nan yake?" ya ce.

"Kullum kana nan," in ji Mama.

Muka tsaya a gindin wata bishiya kusa da gada, na ba shi ruwa da maganinsa. Ya sha, ya daɗe yana kallonta tana goge gumi.

"Maman yara, yaushe kika koyi keke?"

"Da kana tafiya ka kwana a hanya, in zazzaɓi ya kama yaran nan, wa kake tsammani yake kai su asibiti? Keken maƙwabta nake ara. Ɗaya a goye, ɗaya a kariya."

Ya juyo gare ni. "Uwata, ke kin sani?"

"Baba, ni ce ta kan kariyar."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ba ka tambaya ba," in ji Mama. Ba da faɗa ta faɗa ba. "In ka dawo barci kake ji, in ka tashi mota na jira."

Ya sunkuyar da kai yana juya murfin gora a hannunsa. Ni dai na san abin da ya zo nema, ya zo ne a yafe masa mantuwar yini guda, sai ya tarar ashe ba ta yini guda ba ce. Na kau da kai, don ban taɓa ganin idon Baba ya cika haka ba, kuma nawa ma ya cika.

Da za mu koma, Mama ta riƙe keken ta ɗan karkata shi wajensa. "To, ko za ka karɓa? Ƙafata ta gaji."

Na zaci zai yi tsalle. Abin da ya daɗe yana roƙo ke nan, ga shi an miƙa masa. Ya kalli sirdin, ya kalle ta.

"In kin gaji mu zauna ki huta," ya ce. "Ba inda nake sauri."

Muka zauna a kan ciyawa har rana ta yi sanyi, yana tambayarta wane yaro ne ya fi ciwo, wace hanya take bi, ko ta taɓa faɗuwa. Tana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya.