Ƙahon da Na Sa a Jakar Alhaji Isiyaku

Shekara uku ke nan cif da muka kai Alhaji Isiyaku mai tumaki makwancinsa a nan Jidda. Duk shekara idan watan ya zagayo sai in je gidansa a Sa'alaba, in gaida matarsa Hajiya Rabi, in sha shayi, in yi addu'a, in fito ban faɗi maganar da na shiga da ita ba. Bana na ce tunda bakina ya kasa, bari in gwada jarida. Ni wanzami ne, aji uku na yi aka kore ni don na aske wa ɗan hedimasta rabin kai. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri.

Jirgi ɗaya ya kawo mu umara shekara talatin da ɗoriya da suka wuce, mu biyun kuma muka manta hanyar komawa. Shi ya shiga kasuwar dabbobi, ni na kafa kujerar aski a wani lungu na Bab Makka, ina yi wa masu ciwon baya ƙaho. Mun daɗe muna wasan ɓuya da 'yan sanda kafin Allah ya haɗa mu da kafili ɗaya, Balarabe mai shigo da tumaki, ya tsaya mana ya yi mana iƙama, wato takardar zama. Alhaji idan ya buɗe bakin rago ya shafa gadon bayansa, zai gaya maka shekarunsa da abin da ya ci jiya. Yanzu yaran kasuwa a hoton waya suke zaɓen rago. Da yana nan na san abin da zai ce: a miƙo masa wayar ya duba haƙoranta.

A shekararsa ta ƙarshe kafili ya ji labarin tumaki masu kitse a wata ƙasa wai ita Jojiya, can gindin Rasha, ya ce Alhaji ya je ya gani da idonsa kafin aikin hajji. Alhaji na da ciwon suga, gwiwoyinsa kuma sun gaji, sai aka haɗa shi da ni in riƙe jaka. Aka buga mana bizar fita da dawowa ta wata guda. Duk mai iƙama ya san abin da wannan ke nufi: ka wuce ranar, ƙofar Jidda ta rufe, iyalinka na ciki kai kana waje.

Tumakin ba a birni suke ba, suna can ƙololuwar duwatsu. Hanya ɗaya ce tak, an sassaƙe ta a jikin dutse, faɗinta faɗin mota. Na rufe ido tun daga ƙasa, na karanta duk abin da na haddace, ya ƙare, na sake daga farko. Tafintanmu Gela, wanda ya yi karatun Larabci a babban birninsu, ya gaya mana idan ƙanƙara ta sauko hanyar kan rufe wata bakwai, kuma lokacin ya kusa.

Mutanen ƙauyen da muka sauka Kiristoci ne, gidajensu na dutse kan dutse, karnukansu kamar maruƙa. Sun karɓe mu kamar 'yan'uwa. Suka cika mu da nama da wani cuku mai warin safa, suna shan giyarsu muna shan shayinmu, ba wanda ya matsa wa wani. Da Alhaji ya ji ba sa yarda a hau musu dutse da naman alade, sai ya ce waɗannan mutane akwai sauran alheri tare da su. Abu ɗaya Gela ya ja mana kunne a kai. Akwai wani ɗan gini na duwatsu a kan tudu sama da gari, abin gadonsu ne, baƙo ba ya zuwa kusa.

Ni kuwa tun ina yaro idan aka ce kada, ƙafata ke fara ƙaiƙayi. Ana gobe za mu tafi, su Alhaji na can cikin garke, na lallaɓa na hau. An jera ƙahonin dabbobin da aka yanka a wurin, cikinsu har da wani ɗan ƙahon maraƙi, santsi, bakinsa daidai, irin wanda wanzami ke shekara yana nema. An ɗaura masa jan zare. Na ce a raina dutse ba ya ciwon baya. Na sa shi a aljihu, da na dawo na tura shi cikin jakar Alhaji, domin tawa ta cika da cuku.

Da safe direba na ɗora kaya, zif ɗin jakar ya ɓalle, ƙahon ya gangaro gaban mutane da jan zarensa. Ba wanda ya yi ihu, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Direba ya kashe mota, ya sa makulli a aljihu, ya zauna a kan dutse. Maza suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna tsayawa. Gela ya yi fari fat. Na ɗaga kai na ga gajimare ya fara zama a kan mashigar da za mu bi. Kwana biyar suka rage a bizarmu.

Tsohon garin, mai farin gashin baki, ya tambayi jakar wa ce. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma na kalli hannayen mutanen nan sai muryata ta gudu. Alhaji ya dube ni sau ɗaya, ya ce wa Gela ya faɗa musu jakarsa ce, abin da ke ciki kuma nasa ne.

Hukuncin tsohon gajere ne. Wanda ya ɗauka zai mayar, sannan ya yanka rago da hannunsa a gindin ginin, jinin ya zuba a kan dutsen. In ba haka ba, ba motar da za ta sauka da mu.

Alhaji ya ce: "Gaya masa zan mayar, ba takalmi ma in yana so. Amma wuƙata ba ta yanka wa dutse."

Na ja shi gefe na kama rigarsa. Na tuna masa Hajiya Rabi da yara, na ce larura ce, Allah ya gani, ya yanka kawai, halas, in mun isa Makka sai ya yi ɗawafi ya nemi gafara.

Ya ce: "Sarkin Aska, kai dai riƙe jakar."

Ya tuɓe takalmi da safa, ya ɗauki ƙahon da hannu biyu, ya kama tudun. Ƙasa ta daskare, duwatsun kamar reza. Tafiyar da na yi cikin minti goma, shi ta ci masa fiye da awa, yana tsayawa yana dafa gwiwa, gari duka na kallo. Da ya dawo, ƙafarsa ta hagu na jini. Ya ce a gaya wa tsohon yana roƙon a sayar masa da rago, zai yanka a tsakar gida da sunan Allah, gari duka ya ci, don a yafe wa baƙo.

Muka zauna jira har azahar. Iska ta canza, wani farin abu ya fara saukowa ɗaiɗai. Can sai tsohon ya sa aka kawo raguna uku, ya ce Alhaji ya zaɓa. Alhaji ya wuce ƙaramin, ya kama wanda ya fi duka, sannan ya nuna na ukun ya ce a ware shi daga garke, kofatonsa ya fara ruɓa ta ciki. Tsohon ya durƙusa ya duba, ya ɗago ya daɗe yana kallon Alhaji. Aka ba ragon ruwa, Alhaji ya ɓoye wuƙa a bayansa, ya fuskantar da shi alƙibla ya yanka. Tsohon ya dangwali jinin da yatsa ya nufi tudu shi kaɗai. Alhaji ya juya baya yana wanke hannu. Bayan an ci, direba ya ce wani abu da ba sai an fassara ba, muka faɗa mota. Kwana biyu da saukowarmu hanyar ta rufe.

Mun shigo Jidda saura kwana ɗaya. Ciwon ƙafar nan bai warke ba. Da shi ya yi hidimar hajji, da shi ya kwanta, wata uku aka yi ya cika. Likitoci sun ce suga ne, haka Hajiya Rabi ta sani har yau. Ni na san dutsen da ya yanke shi, na san wanda ya sa shi taka dutsen.

Ana saura mako ya rasu na je da niyyar faɗa masa gaskiya. Kafin in fara ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya miƙo mini ƙahon ragon da ya yanka, murɗaɗɗe, ba ya aikin komai. Ya ce wannan in ɗauka, ba mai tsare mota a kansa. Ashe ya sani tun a can. Na tambaye shi me ya hana shi nuna ni.

Ya ce: "Da kai aka ba wuƙar, da ka yanka."

Gaskiya ya faɗa, da na yanka. Yanzu ƙaho ma ya wuce, da kofin roba ake yi, ni ma da shi nake yi. Tumakin Jojiya sun shigo kasuwa, ba mai tuna wanda ya fara buɗe bakinsu. Abin da ya rage na Alhaji a wurina shi ne nakan ɗora goshina a ƙasa ban taɓa yanka wa dutse ba, kuma ba halina ne ya tsare ni ba, ƙafarsa ce. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙafar nan ta riga shi shiga Aljanna.

Hajiya, na san 'yarki Sadiya ke karanta miki jarida. Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo da ƙahon. Ba sai an dafa shayi ba.