Tsohon Yayi da Littafinsa Mai Baƙin Bango

Shekara goma sha tara ke nan, kafin mai shara ta gama goge tebura ya riga ya zauna a kujerarsa ta lungu, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Da zamansa sai ya ɗaga kai ya dubi allon bango. In kore ne, manhajar da aka rubuta jiya ta haɗu, ana iya aika wa ƙananan asibitocin da ke aiki da ita. In ja ne, sai ya cire hula ya jawo littafinsa mai baƙin bango.

Yaren da ake rubuta manhaja da shi sigogi gare shi, tsohuwa da sabuwa kuma ba kullum suke jituwa ba. A littafin nan yake rubutawa da biro, wane ɓangare ke tafiya da wace siga. Saboda wannan, da kuma ƙin sabunta komai sai ya gwada, aka laƙaba masa Tsohon Yayi. Har a taro da sunan ake kiransa, yana amsawa.

Waɗanda suka ga abin da ya faru bara ba su manta ba, sun dai iya kame baki. Sabon shugaban sashe ya zo da zafinsa, ya ɗora sabuwar siga a injin da ke haɗa manhajar bai tambayi kowa ba. Allo ya yi ja. Asibitoci kuwa suna jiran gyara a ɓangaren da ke auna wa yara magani. Shugaba ya ce a tasa kwamfutar lafiya lau take aiki, don haka a kashe gwajin da ya tare hanya a aika.

"Ranka ya daɗe, ba da hannuna ba," in ji Tsohon Yayi. "Gwajin nan ba ƙarya yake yi ba."

Kwana uku yana bin rubutun layi-layi, shayinsa na hucewa a gefe. Ya gano sabuwar siga ba ta raba lamba yadda tsohuwa ke rabawa, ga kuma wani daɗaɗɗen ɓangare da aka rubuta bisa tsohon lissafi. Da an aika, da yaro mai kilo tara ya sha abin da ya fi ƙarfinsa. Ya gyara, allo ya koma kore. Rahoton da aka kai sama ya ce sashe ya shawo kan matsala bisa jagorancin shugaba. Sunansa ko a gindin takarda babu.

Watan jiya aka ba shi takardar sallama. Wai shekara guda allo bai yi ja ba, saboda haka kujerarsa ba ta da amfani. Abin da ciwo, wallahi: ƙwazonsa ne ya raba shi da aikinsa. Ya miƙa wa shugaba littafin da hannu biyu, 'yarsa ta ɗauko masa kofinsa. A mota ta ce ko an gode ba su ce ba. Ya ce ta kula da hanya.

Tsohon Yayi, kai ne wanda ba a gani sai abu ya lalace. Kai ne ka tsaya tsakanin gaggawar manya da yaran da ba za su taɓa jin labarinka ba.

Sati biyu da tafiyarsa allo ya yi ja, 'yan ofis suka buga masa waya. 'Yarsa ta ce kada ya ɗauka, ya ɗauka. Ya saurara, ya ce su buɗe littafin, shafi na sittin da biyu. Can mai wayar ya ce, cikin in-ina, teburin shayi ne yake ɗingishi, sai aka tokare ƙafarsa da littafin.

Tsohon Yayi ya ce:

"To, ɗana, ku ɗaga teburin a hankali kada shayin ya zube. Ina jira."

Mun gode, Baba, godiyar da waɗanda ya wajaba a kansu suka kasa yi. Masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi gwaji kafin aikawa, ku koyi cewa a'a ko da shugaba ne. Ku kuma shugabanni, gobe in kun shiga ofis kun tarar komai lafiya, ku tambaya wa ke zaune a lungu.