Kwana Biyun da Na Cinye wa 'Yar Wana

A gidanmu ni ne mai takardu. Ba don na fi kowa karatu ba, yawo ne kawai ya yi min yawa. Na saro labule a Istanbul, na saro turare a Dubai, na taɓa kwana biyu a filin jirgin Hartum a kan kwali ina jiran jirgin da ya manta da mu. Shi ya sa duk wanda zai yi tafiya a danginmu na nan Makka sai ya kawo min fasfonsa, in jujjuya, in ɗaga shi sama kamar mai duba ƙwai, in ce ya yi. Wana kuwa, wanda nake bi, tela ne a unguwar Zahir. Iyakar tafiyarsa Jidda, ita ma sai an yi rasuwa.

Babbar 'yarsa a unguwar Rusaifa aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta. Ammi take ce min, wato baffa. Hausarta kuwa kamar rigar aro, nan ta ɗage, can ta ja ƙasa, ni kuma ba na bari ta wuce sai na tsokane ta. Ita ce ta samu gurbi a jami'a, irin ɗan gurbin da ake ba 'ya'yan masu igama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta zaɓi fiziya, abin da 'yan boko a gida ke kira fiziks. Na tambaye ta me ake sayarwa da shi. Ta ce haske take karantawa, yadda yake tafiya da yadda yake lanƙwashewa in ya shiga gilashi. Na ce to madalla, a garin da rana ke gasa mutum tun hantsi ba za ta rasa kayan aiki ba.

Su a jami'a awa ake ƙirgawa. Kowane darasi da awoyinsa, sai ka tara sun cika a ba ka shahada, wato takardar shaidar kammalawa. Ita saura awa huɗu suka rage mata, na wani darasin ɗakin gwaje-gwaje da ake yi sau ɗaya a shekara. Ya wuce ta ne lokacin da mahaifiyarta ta kwanta ciwon ƙoda, ita ce ke jinya. Gurbin nata kuma yana da wa'adi, ta riga ta cinye ƙarin da ake yi. In awoyin nan ba su cika kafin sabon zango ba, shi ke nan, an rufe littafinta.

Sai wata malamarsu ta nemo musu hanya. Akwai wata jami'a a Turkiyya da ke yin wannan darasin a hutun bazara, sati takwas cur, kuma jami'arsu ta yarda za ta karɓi awoyin in an kawo takardar an gama. Su huɗu za su tafi. Ukun 'yan ƙasa ne, fasfo kawai za su ɗauka su fita. Tamu kuwa, duk da a nan aka yanke mata cibi, sai da bizar fita da dawowa. Wanda bai zauna nan ba zan gaya masa: takarda ce mai wa'adi, daga ranar da ka fita take fara tafiya. In ta ƙare kana waje, igamarka ta mutu, ƙofar gidan ubanka ta zama sai ka nemi izini kamar kowane baƙo.

Ranar da za a nemi bizar, muna shagon wana bayan la'asar, ya ɗago daga kan keke ya ce ko a nemi ta wata uku, don hankali ya kwanta. Na yi masa dariya sosai. Na ce mutumin da Jidda ke ba shi jiri ne zai koya min tafiya? Sati takwas kwana hamsin da shida ne, wata biyu ya isa har da canji. Ya ce to, kai ka sani, ya mai da kai kan ɗinki. Ban tsaya nan ba. Na ce kuma ba a isa baƙon gari ranar da za a fara aiki, ta tafi da kwana biyar a hannu, ta san hanyar makaranta, cikinta ya saba da abincinsu. Na ƙirga a yatsa: Yuli talatin da ɗaya, Agusta talatin da ɗaya, sittin da biyu. Biyar da hamsin da shida, sittin da ɗaya. Har da rarar kwana guda. Na rubuta ranar dawowa da jan biro a bayan ambulan, na ja layi biyu a ƙasa.

Yarinyar da ke auna tafiyar haske ba ta sake duba lissafin nan ba. Ba sakaci ba ne. A gidanmu in babba ya duba takarda ya ce ta yi, ƙarami ba ya sake buɗewa a gabansa, ko a bayansa ma sai ya ji kamar ya yi rashin kunya. Ta karɓa da hannu biyu ta sa a jaka.

Makonnin farko lafiya lau. Takan kira ta ba mu labari, wai ɗakin gwajinsu baƙi ƙirin ne, har bango an shafa masa baƙin fenti, suna harba wani siririn jan haske ta tsakanin madubai, wanda ya yi numfashi da ƙarfi sai awo ya lalace. Na ce ashe ni ba zan ci wannan darasin ba, bakina ba ya rufuwa. Na aika ta wani shagon da na sani ta ci gasasshen nama da sunana, ta dawo ta ce an mai da wurin kantin waya tun tuni. Ubanta ya riƙa gaya wa duk mai kawo ɗinki cewa 'yarsa tana Turkiyya tana karatun haske, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.

Saura mako guda a gama ta kira shago. Ina zaune da kofin shayi. Ta gaisa da ubanta, ta ce a ba ta ni. Muryarta a kwance take, shi ya fara tsorata ni.

"Ammi, da wane wata ka ƙirga?"

Kafin ta rufe baki na gane. Takardun zamanmu a lokacin da watan Musulunci ake rubuta su, kowa ya sani, ni ma na sani tun ina yaro. Wata biyu a nan kwana hamsin da tara ne. Yawon fatauci ne ya juya min kai, na saba da tikiti da rasit na watan Bature har na manta da kalandar da ke rataye a bangon shagon, saitin fuskata. Bizarta za ta mutu kwana biyu kafin jarrabawar ƙarshe.

Na tashi na shiga zirga-zirga, irin ta wanda ya ɓata abu. A wancan lokacin ba a ƙara wa'adi ta waya kamar yanzu, sai kafilin wana, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardun zama, ya sa hannu an bi ta ofishin jakadanci, shi kuma ya tafi hutu da iyalinsa wata ƙasa, wayarsa a kashe. Ita ma ta je ta samu malamin darasin. Mutumin kirki ne, ya yarda ta rubuta jarrabawar takarda da wuri. Amma ta gwaji bibbiyu ake yi, kwanaki biyun ƙarshe ake kafa kayan, kuma wani ake gayyatowa daga waje ya duba. Wannan ba a hannunsa take ba.

Don rashin ta ido har na ce mata ta zauna ta yi jarrabawarta, ni zan san yadda za a yi daga baya, na san mutane. Sai ta ce, "In bizar ta mutu ina zan je? Kano wa na sani?" Fasfon da ke hannunta kore ne, amma ƙasar a hoto kawai ta taɓa ganinta. Kuma awoyin ma, in ba ta dawo ba, wace jami'a za ta kai wa?

Ni na ɗauko ta a filin jirgin Jidda, ranar hamsin da tara. A hanya na gwada barkwanci biyu, ba wanda ya tashi. Muna dab da shiga Makka ta zaro wani ɗan gilashi mai kusurwa uku daga jaka ta ce tsarabata ce, in na sa shi a taga zai raba min rana kala bakwai. Ta saya tun makon farko.

Takarda ta biyo bayanta, an rubuta ta halarci darasin, ba ta kammala ba. Jami'arsu ta duba ta ce ƙa'ida ba ta ba da dama ba. Wana bai taɓa ce min ai na ce uku ba, ko sau ɗaya. Da ya faɗa da na samu sauƙi. Sai dai ya daina ba masu ɗinki labarin Turkiyya.

Yanzu tana koya wa 'yan matan sakandare fiziya a falon gidansu, lokacin aikin Hajji kuma ta bi matan unguwa rabon abinci a tantunan Arfa. Gilashin yana tagata. Ba kullum nake buɗe labulen ba.

Bara wana ya shirya zuwa Kano, karo na farko tun yana goye. Ya kawo min takardunsa kamar yadda aka saba, muna zaune a falo. Na karɓa ke nan ta miƙo hannu, ta zare ambulan ɗin daga hannuna. Ta ɗauko kalanda daga bango, ta bi kwanakin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa a fili da Hausarta mai ɗingishi. Ban gyara mata ko kalma ɗaya ba. Da ta kai ƙarshe ta sake komawa farko. Sannan ta miƙo min da hannu biyu ta ce, "Yanzu ka duba, Ammi."