Karkatar Sitiyarin Baba

Ni na raba mahaifina da motarsa, kuma da niyyar alheri na yi. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni.

Tsohuwar a-kori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu. Da ita muke kwaso hatsi daga ƙauyukan bayan Nasarawa Burkullu zuwa kasuwar Bukkuyum, wani lokaci har Anka. Baba ke tuƙi, ni ina gefe, duk da na haura talatin kuma ina da lasin ɗina. A gida ba ma hira, daga gaisuwa sai gaisuwa. Amma da zarar mota ta hau hanya sai bakinsa ya buɗe, ya yi ta ba ni labarin gonakin da muke wucewa da masu su, har da tsiyar da kakanninsu suka tafka. Ba ni da wani abokin hira bayan shi, ban ma nema ba.

Sai idonsa ya fara hazo. Inna ta ce ya ajiye tuƙi, ƙannena suka goya mata baya. Ni kaɗai na ƙi, don na san ranar da ya sauka daga motar nan shiru zai cinye ni. A daminar shekarar sau uku cikin motar ya daki ƙasa, saboda Baba ba ya hango tudun tsakiyar hanya da wuri. Na ce to, in an ɗaga ta sama ai bakin kowa ya mutu.

Na kai ta Gummi wurin wani bakanike, dattijo mai tsokanar tsiya. Ya ƙara mata falle biyu-biyu a sifirin, ya sa dogayen shokozoba, mota ta miƙe kamar raƙumi. Da muka gwada ta sai sitiyari ya juye, tayoyin gaba kuma kowace na kallon inda ta ga dama. Ya ce haka abin yake, in an ɗaga mota dole a sake saita ƙafafunta. Ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ya sa na riƙe sitiyari a tsakiya, ya shige ƙarƙashi yana murɗa tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba, yana leƙowa yana auna zaren da ido ɗaya.

"Direba, shekara nawa kuna tahiya da sitiyarin ga a karkace?" in ji shi. "Tun kahin in taɓa ta hagu shika kallo."

Na ce tun ina ƙarami haka na san shi.

"Tau, yau ya yi bankwana da karkata."

A hanyar dawowa na saki sitiyari a kan kwalta, mota ta tafi ɗoɗar. Har waƙa na yi.

Da safe Baba ya hau da ƙyar, sai da ya kama ƙofa. Muka ɗauki hanyar ƙauye, shi ke tuƙi. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, motar dā can tana ɗan ja dama, hannunsa kuma shekara da shekaru yana tare ta ta hagu. Yanzu babu abin da ke ja, amma hannun bai daina tarewa ba. Sau biyu ina cewa, "Baba, dama." A na uku muka afka gonar geron wani, muka kwantar da kunya huɗu ko biyar. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Ya kashe mota, ya juyo wajena.

"Mi kay yi mata?"

"Gyara na sa anka yi, Baba."

"Awo. An gyara ta."

Ya sauka, ya zagayo, ya zauna a kujerata, ni na karɓi tuƙi. Sai da muka kusa gida ya ce, "Tun bara ban ganin hanya sosai. Hannuna ya san motag ga, shi ka kai mu."

Daga ranar bai sake bi na ba. Sati uku ina zuwa ƙauye ni kaɗai, ina wuce gonakin nan ba mai gaya mini komai a kansu. Na kunna rediyo, ya dame ni, na kashe. Ban taɓa sanin hanyar na da tsawo haka ba.

Na koma Gummi na roƙi bakaniken ya mayar da karkatar. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tunda yake ba a taɓa kawo masa mota ya ɓata ba. Ya tambaye ni yaya girmanta yake. Na nuna yatsa biyu, alhali ban tabbata ba. Ya murɗa mini.

Na tarar da Baba a ƙofar gida kan tabarma. Na gaya masa abin da na yi. Ya taso a hankali, bai buɗe ƙofar motar ba, ta taga ya zura hannu ya ɗan juya sitiyarin nan da can. Na tsaya ina jira kamar mai jiran hukunci.

Ya zare hannunsa, ya goge a riga.

"Maida ta Gummi a miƙe maka shi," ya ce. "Kai kana gani."