Dunoma Mai Takarda da Gonar Fanne

Duk wanda ya zauna a Nguru a shekarun fari ya san Dunoma mai takarda. Dogo ne, da ɗan ƙusumbi, kullum yana tura baro daga cikin gari zuwa bakin tasha yana kira, "Kada a ƙona, a kawo!" Tsoffin littattafan 'yan makaranta, jaridu, buhun siminti, gwangwanin madara, kwalabe, ba ya raina komai. Gwangwani ya kai wa masu yin aci-balbal, kwalba ta tafi wurin masu man gyaɗa, takarda kuwa masu ƙosai da masu kifi na jiranta har Gashuwa. Mutane na ce masa mai shara, shi ko a jikinsa. Da sharar nan ya aurar da 'ya'ya huɗu.

Bai san baƙi ko ɗaya ba, amma yana da dokarsa. Kowane littafi sai ya kama shi ta ƙeya ya girgiza kafin ya ɗaure. Takarda mai rubutun Larabci yakan kai wa liman. Mai hatimi ko dangwalen yatsa kuwa akwatin ƙarfe take shiga, ran Juma'a in zo in karanta masa, ya tafi neman mai ita. Ni malamin firamare ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma a raina ina ganin wannan girgize-girgize iyayi ne kawai.

A 1984 ciwon ido ya kama shi, idanun suka yi jawur suka manne. Ga kaya sun taru, ga motar Gashuwa za ta tashi ran Litinin. Na ce ya kwanta, ni zan tace masa. Na girgiza littafi biyar, na gaji, na ɗaure sauran na miƙa wa direba. Har da cika baki na ce masa na duba tsaf.

Ran Laraba, rana ba ta gama fitowa ba, ina wurin Dunoma, wata mata ta faɗo gidan ba ko sallama. Sunanta Fanne. Mijinta Madu leburan jirgin ƙasa ne, ya rasu bara, ya bar mata 'ya'ya uku da gonar fadama a Katuzu. A shekarar da gero ya bushe a tsaye, gonar bakin kogi ita ce rai. Wan mijin, Babakura, ya ce gonar ta ubansu ce, ba a taɓa rabawa ba. Alƙali ya ce ta kawo takardar rabon gado yau ƙarfe goma sha biyu a Gashuwa, in babu gona ta koma hannun wa.

"Baba Dunoma, a cikin littafin lissafin 'yata na ɓoye ta," in ji Fanne. "Mai shuɗin bango. Ina kasuwa aka haɗa maka da shara."

Dunoma ya juyo da rufaffun idanunsa wajena. "Malam, ka girgiza?"

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya lalubi hularsa ya ce in kama hannunsa. Muka shiga bayan a-kori-kura mu uku, tsakanin buhunan kanwa. Hanya duk ramuka, direba na tsayawa a kowane ƙauye yana ɗaukar mutane, ni kuwa idona na kan agogo. A haka har muka sauka a Gashuwa. Ƙarfe goma da rabi ta wuce.

Ranar kasuwa ce, ko'ina cunkus. Mutum biyu ke karɓar takardar Dunoma a nan. Muka fara da mai ƙosai, muka zazzage ƙullinta a ƙasa, babu shuɗin bango. Muka kutsa layin masu kifi, ina jan Dunoma yana tuntuɓe da kwanduna, har muka iske ta biyun, Yakaka mai suyar kifi, a gaban kaskonta, mai na tafasa.

Ga shuɗin bangon nan kusa da ƙafarta. Na ɗauka na girgiza, a lokacin da girgizar ba ta da amfani. Rabin littafin ya tafi, ciki babu komai.

"Tun jiya nake yaga," in ji Yakaka. "Na san wa da wa suka saya? Har mutanen Machina sun ci kifina."

Fanne ta zube a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa har na fara duban jama'a ina ƙwace ƙunshin kifi daga hannun mutane kamar mahaukaci. Wani ya kusa marina.

Dunoma ne ya tsugunna kusa da murhu. "Yakaka, saurara. Takardar kotu kauri gare ta, ba ta naɗe kifi. In kin ci karo da mai kauri, me kike yi da ita?"

Ta ce, "Ko in hura wuta da ita, ko in toshe kwalba."

Duka muka dubi wutar. Sannan muka dubi kwalaben man gyaɗa uku da ke jere a gindin kaskon, kowace da nannaɗaɗɗiyar takarda a baki. Na zare ta farko, jarida ce. Na kai hannu ga ta biyu, Dunoma ya riƙe ni.

"Kai gaggawa gare ka. Ba ni."

Da yatsu ya murza ta a hankali, ya fito da ita, ya shimfiɗa a kan gwiwarsa. Ta sha mai ta yi laushi, ja kaɗan zai raba ta biyu. Ninki ɗaya, ya tsaya. Ninki na biyu, ya hura mata iska. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. A ninki na huɗu shunin hatimi ya bayyana.

Muka ɗora ta a kan murfin kwano muka ruga. Muna isa, masinja na kiran sunan Fanne karo na biyu.

Alƙali ya ɗaga takardar da yatsa biyu yana yamutsa fuska saboda ƙarnin kifi. Hatimi na nan, iyakar gona na nan, daga tsamiya zuwa bakin kogi. Amma mai ya cinye layin da sunan mai gona yake, sai dangwalen yatsa kawai a ƙasa. Babakura ya miƙe ya ce wannan takarda ta kowa ce, a juji aka tsinto ta. Alƙali ya dubi Fanne ya ce ta yaya za ta nuna ta mijinta ce.

Fanne ba ta karatu. Ta matso ta sunkuya ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna wani farin layi da ya ratsa dangwalen daga gefe zuwa gefe.

"Allah ya gafarta Malam, babban yatsan Madu ne. Tabo gare shi a nan. Yaya Babakura ya zo ya duba, ya fi ni saninsa."

Babakura ya matso yana huci. Ya duba, ya ƙara dubawa. Sai ya koma ya zauna a ƙasa.

"Ni na yanke shi," ya ce. "Da lauje, muna yara, a cikin gonar nan. A ba ta."