Ledar Wayar Baba

Babana mai wanki da guga ne, kuma duk layinmu Baba Leda ake ce masa. Ba don yana sa kayan mutane a leda ba, wannan kowane mai guga yana yi. Shi dai ba ya ɓare ledar sabon abu. Rediyon shagonsa har yau yana cikin rigar da ya zo da ita daga kamfani, ta yi ja, ta yayyage, an liƙe ta da salatif. Kujerun falonmu kuwa, in ka zauna da zafi sai leda ta kama maka cinya. Na yi faɗan, na yi roƙon, har na taɓa kai hannu kan ledar rimot, ya dube ni kamar zan fige kaza da ranta.

"Mamana," haka yake kirana, "ranar da kika cire, ranar abu ya fara tsufa."

Ban ga laifinsa sosai ba. Maraya ya tashi, yayarsa, wato Gwaggo, ita ta raine shi, kuma kwancen kayan mutane ya sa har ya yi wayo. Sabon abu na farko da ya mallaka takalmi ne da ta saya masa. Ya adana shi a leda yana jiran ranar da ta dace, har ƙafarsa ta fi ƙarfin takalmin.

Aure ya kai Gwaggo wata ƙasa mai nisa, shekaru suka ja ba su haɗu ba, sai dai murya ta 'yar ƙaramar wayar Baba mai madannai. Bara aka ce idonta ya fara tafiya, kuma likita ya ce ba zai dawo ba. Takardun tafiyar Baba sun ƙi fitowa. Ita kuma abu ɗaya take maimaitawa: tana so ta ga fuskar Autanta kafin duhun ya rufe.

Tun daga nan Baba ya zama ɗan gida a shagon mai waya na bakin titi. Kullum in ya dawo daga kai kaya sai ya tsaya gaban gilas, hannu a baya, yana kallon wata waya guda, irin wadda ake kira ana ganin juna. Ba ta manya ba ce, ba kuma ta yara ba. Ya kalla, ya tambaya, ya ce "to, madalla," ya wuce. Na ce in cika masa kuɗin, ya ce idon yayarsa ne, shi zai saya.

Ran nan mai waya da kansa ya leƙo shagon guga.

"Baba, budurwarka ta sauko. Sabon samfuri ya fito, an karya farashin wannan."

Baba ya ajiye dutsen guga. "Me aka cire mata a ciki?"

"Ko ƙusa ba a cire ba. Mai tsada, suna kake saye. Mai araha, haushi kake saye. Wannan kuwa caji yana daɗewa, hoto tas, za ta yi maka shekaru."

Aka kawo waya. Fuskarta a rufe da ledar kamfani, irin mai duhu-duhun nan da rubutu a jiki. Mai waya ya kai farce zai ɓare, Baba ya buge hannun. Ni ma da na haɗa masa komai ban ko taɓa ledar ba, na san halin kayana.

Da hantsi muka kira, a shago, tsakanin tarin riguna. Surukar Gwaggo ta ɗaga, ta damƙa mata wayar, ta fita don ta ba su wuri. Fuskar Gwaggo ta cika gilashin. Baba ya gyara hula, ya washe baki kamar yaro.

"Yaya! Ga ni!"

Ta matso da wayar har hancinta ya kusa taɓawa. Ta janye. Ta goge ido da gefen mayafi, ta sake matsowa.

"Auta, kai ne? Hayaƙi kawai nake gani." Ta yi 'yar dariyar da ta fi kuka ciwo. "Shi ke nan, mun makara. Jiya ma ina ganin fuskar yara. Kada ka damu, muryarka ta ishe ni."

Ban taɓa ganin Baba ya tsufa a gabana ba sai a lokacin. Kafaɗunsa suka sauka. Ya ce da ni a hankali, "Jiran ragi na tsaya yi, Mamana. Da na sayar da injin wankina tun farko."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa, na mai da ido kan wayar. A 'yar kusurwar da mutum ke ganin kansa, Baba ma hayaƙi ne. Ledar ta bi ta kan idon kyamara, tambarin kamfani ya zauna daram a kai.

"Baba, ba idon Gwaggo ba ne. Ledarka ce."

Ya dube ni, ya dubi wayar. Na rantse ban kai hannu ba. Shi da kansa ya sa farcensa da sabulu ya cinye, ya laluba gefe, ya ja. Ta fita da 'yar ƙara, ya sake ta ta faɗi ƙasa cikin kumfa.

"Kai!" in ji Gwaggo. "Wane tsoho ne wannan? Auta, wa ya ba ka izinin yin furfura ban sani ba? Ina haƙorinka na gefe?"

Baba yana dariya, hawaye na bin gemu. Ya buɗe baki zai kare kansa, ta katse shi.

"Yi shiru. Tsaya haka, kada ka motsa. Bari in haddace ka."

Ya tsaya. Dutsen guga ya huce, wani mai karɓar kaya ya yi sallama ya gaji ya tafi, Baba bai ko juya ba.