Dattin da Aka Goge

Tun da ƙanwar aminina ta buga waya ta ce, "Yaya, abokinka ya cika," barci ya ƙaurace mini. Yau na zo shagon wankin hoto a faɗaɗa mini hotonsa.

A gabana akwai wani dattijo, idanunsa jawur, ya rataya ƙarfen kafa kyamara a kafaɗa. Da gani bai daɗe da fara ɗaukar hoton taurari ba, wataƙila ma iyalinsa dariya suke masa. Yana ta jujjuya hoton da aka wanke masa, baƙi ƙirin.

"Ina ɗan farin da ke tsakiya?" ya tambayi mai shagon.

"Datti ne a gilashinka, Baba," in ji mai shagon. "Na goge maka."

"Ɗana, dattin nan na kwana ina jira. Taurari ne jingim, nisa ya mai da su haka."

Bai yi faɗa ba. Ya zauna a benci, ya ce a mayar masa da dattinsa.

Aminina ma haka ya fara. Zuwana asibiti na ƙarshe ya nuna mini irin wannan hoton a waya.

Na ce, "Ni duhu kawai nake gani."

Ya ce, "Daɗe kana kallo mana. Saurin me kake?"